Sharhi: Me ya sa tamowa ta fi ƙamari a jihohin da suka fi noma wake da gyaɗa?

Da zarar kaka ta kama, kasuwannin ƙauyukan jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa sukan cika da sabon hatsi da wake da gyaɗa, farashi ya faɗi, manyan motoci su yi layi suna lodi. A daidai wannan lokaci ne kuma cibiyoyin kula da yara masu tamowa, irin na Madarunfa da Magarya da Mirya, ke fara samun sauƙin cunkoson da suka sha tun daga watan Yuli. Mutane da yawa na kallon abubuwan biyu a matsayin labarai daban, na kasuwa da na asibiti. Amma wanda ya bi lissafin zai ga igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Abin da magidanci ya sayar da abin da ya ajiye tsakanin Oktoba da Disamba, shi ke nuna abin da yaron gidan zai ci a watan Agusta mai zuwa.

Nijar ce ƙasa ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya, kuma tana girbe sama da tan miliyan 2 a shekara mai albarka. Jihohin kudu ne ke ba da kaso mafi yawa. Duk da haka, binciken ƙasa kan abinci mai gina jiki na shekarar 2022, wanda Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa INS ta jagoranta, ya nuna kashi 47 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, yayin da kashi 12.2 cikin 100 ke fama da rama. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, tsumburewa ta yi muni ƙwarai idan ta kai kashi 30, ita kuma rama ta zama abin damuwa idan ta kai kashi 10. Shekara da shekaru, Maraɗi da Damagaram na cikin jihohin da ke kan gaba a waɗannan alƙaluma.

Darasin 2005 da abin da ya biyo baya

Idan ba a manta ba, a shekarar 2005 ne duniya ta juyo da hankalinta kan Maraɗi, bayan fari da farin ɗango da suka lalata amfanin gona a 2004. A waccan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu matsananciyar tamowa a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, akwai hatsi a kasuwa, kuɗin sayensa ne ya fi ƙarfin talaka.

Daga nan aka gina tsarin jinya da ake amfani da shi har yau. Yaron da ya rame sosai amma yana iya cin abinci, ana kula da shi a asibitin CSI mafi kusa, uwar ta karɓi Plumpy'Nut, wanda mata ke kira biskit, ta koma gida. Kowace leda tana da nauyin giram 92, kuma haɗin gyaɗa ne da madarar gari da mai da sukari da sinadaran bitamin. Wanda cutar ta yi wa tsanani kuwa, ana kwantar da shi a sashen CRENI na babban asibiti. A 2006 gwamnati ta mayar da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Kamfanin STA da ke Yamai ma yana sarrafa wannan abinci a cikin gida.

Babu mai musun cewa tsarin ya ceci rayuka masu yawa. Sai dai yana jiran yaro ne sai ya riga ya rame, kuma kaso mai yawa na kuɗinsa daga waje yake zuwa. Ko a shekarun da kuɗin ke shigowa sosai, nauyin yakan fi ƙarfin ma'aikata. A watan Satumba na 2018, MSF ta sanar cewa kusan yara 10 ke rasuwa kowace rana a sashen yara na asibitin Magarya, saboda haɗuwar zazzaɓin cizon sauro da tamowa a lokaci guda.

Yanzu kuma al'amura sun sauya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin ECOWAS ya rufe iyakoki na tsawon watanni, wasu ƙasashen Turai sun dakatar da tallafinsu, kayan da aka saba shigowa da su ta tashar ruwan Kwatano suka koma bin doguwar hanya ta Lome da Burkina Faso. Ambaliyar 2024 ta kashe sama da mutum 300, ta shafi sama da miliyan ɗaya, Maraɗi na cikin wuraren da suka fi jin jiki. A farkon 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin ayyukan hukumar USAID, wadda a lokacin take cikin manyan masu biyan kuɗin abincin jinyar yara a duniya. Hukumomin Nijar na cewa ƙasar za ta dogara da kanta wajen abinci. In haka ne, dole a duba abin da ke shiga kwanon yaro tun kafin a kai shi asibiti.

Cika ciki daban, gina jiki daban

A gidaje da yawa na karkara, yaro ɗan wata 8 ko shekara ɗaya yana wuni ne kan fura da ruwa ya yi mata yawa ko koko, da dare ya ci loma biyu na tuwo. Cikinsa ƙarami ne, yana cika da wuri, amma abin da ya shiga bai ishi jiki mai girma ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun kasa abincin yara ƴan wata 6 zuwa 23 gida takwas: nonon uwa, hatsi da su rogo da dankali, wake da gyaɗa da danginsu, madara da nono da cuku, nama da kifi, ƙwai, ganye da ƴaƴan itace masu bitamin A kamar zogala da kabewa da mangwaro, sai sauran kayan lambu da na marmari. Ana so yaro ya samu aƙalla biyar daga cikinsu a kowace rana.

Wanda ya duba wannan jeri zai ga babu abin da sai an yo odarsa daga ƙasar waje. Duka ana noma su ko ana kiwonsu a kudancin Nijar. Matsalar ita ce ba sa zama a gida tsawon shekara. Wake da gyaɗa su ne kuɗin manomi, su ake fara kaiwa kasuwa don a biya bashin damina, a sayi kayan lakwal na yara, a yi hidimar aure da suna. Ƙwai da kaji ana sayar da su don a sayi gishiri da sabulu. Ganye yana yawa da damina, ya ɓace da bazara. Tumatir yana ruɓewa a garake a watan Fabrairu da Maris don babu mai saye, bayan wata huɗu kuma ya zama sai mai hali.

A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da masara da shinkafa zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso, domin a sauko da farashi. Wannan mataki yana taimaka wa mai saye. Amma ƙaramin manomi mai sayarwa ne da kaka, mai saye ne da damina. In farashi ya faɗi lokacin girbi, sai ya fitar da tiya mai yawa kafin ya haɗa kuɗin da yake buƙata, rumbu ya ƙare da wuri. Hatsin da hukumar OPVN ke sayarwa a farashi mai rahusa yana rage raɗaɗin yunwa, sai dai hatsi ne zalla, ba ya cike gurbin wake da mai da ganye a abincin yaro.

Ƙwarin wake da buhu mai riɓi uku

Ba talauci kaɗai ke sa a sayar da wake da wuri ba, akwai tsoron ƙwari. Ƙwaron wake yana shigowa tun daga gona, ya yi ƙwai a jikin ƙwayar, cikin ƴan watanni ya mayar da buhu ramuka da gari. Kakanninmu sun yi ta cakuɗa wake da toka ko rairayi, su zuba a tulu su liƙe bakinsa da laka. Wasu a yau suna jefa ƙwayoyin Phostoxin ko su barbaɗa maganin feshin gona a cikin buhu, su ajiye a ɗakin da iyali ke kwana. Wannan ganganci ne, domin iskar da ƙwayar ke fitarwa guba ce mai iya kisa, maganin gona kuma ba a yi shi don abin da za a ci ba.

Tun 2007 aka fara yaɗa buhun PICS, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, ciki har da masu binciken cibiyar INRAN ta Maraɗi. Ledoji biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Ana zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki sukan shanye ɗan iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, daga baya su mutu. Ba a sa magani ko kaɗan, kuma in ba a huda ledar ba, buhu ɗaya na iya yin kaka biyu ko uku. Jarka ko duro mai murfin da ke rufuwa gam ma suna yin irin wannan aiki, matuƙar an cika su har baki.

Inda gizo ke saƙa shi ne samun buhun a kan lokaci. A manyan garuruwa ana samunsa, amma a ƙauyuka da yawa sai an yi tafiya, wani lokaci kuma ya zo bayan an gama sayar da waken. Akwai kuma ledoji marasa kauri da ake sayarwa da sunansa. Magajin gari ko ƙungiyar manoma da suka tabbatar buhun gaskiya ya iso kasuwar mako kafin girbi sun yi aikin yaƙi da tamowa, ko da ba su taɓa shiga asibiti ba.

Shanya: tsohuwar dabara mai buƙatar gyara

Matan ƙasar Hausa ba baƙin adana abinci ba ne. Kuka da busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir da gabu da tafasa da yakuwa da daudawa da ƙuli-ƙuli da kilishi da cuku, duk hanyoyi ne na ɗaukar yalwar wani lokaci a kai ta lokacin rashi. Yankin Mirya ya yi suna da itatuwan kuka, Galmi da albasa da rudun ajiyarta, Maraɗi da zogala da aya. Abin da ake buƙata daga masu wayar da kai shi ne su gyara ƴan kurakuran da ke rage amfanin abin da aka shanya.

Ganye irin su zogala da kuka, in aka baza su a rana tsaka, sinadarin bitamin A da ke cikinsu yana raguwa sosai. Shanya a inuwa mai iska ta fi, alamarta kuma ita ce ganyen ya bushe yana kore shar. Tumatir da kuɓewa da ake shanyawa a ƙasa ko a bakin kwalta suna kwasar ƙura da kashin dabbobi, alhali gadon kara da aka ɗaga sama aka rufa masa yadi mai shara-shara ya isa ya hana hakan. Gyaɗa da masara kuwa, in aka tara su ba su bushe ba, suna yin fumfuna mai fitar da gubar da ake kira aflatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma bincike ya alaƙanta ta da rashin girman yara. Dafuwa ba ta kashe ta. Saboda haka gyaɗar da ta yi baƙi ko ta yanƙwane, wadda ake warewa don kasuwa ba za ta karɓa ba, bai kamata ita ce za a daka a sa wa yaro a kunu ba.

Daga abin da aka adana ne ake haɗa garin kunun yara a gida: hatsi da wake da gyaɗa, a soya kowanne sama-sama, a niƙa tare, a dama da kauri, a ƙara cokalin garin zogala da ɗan mai. Garin Misola da ƙungiyoyin mata ke sarrafawa a wasu garuruwa a kan wannan tsari yake, hatsi da waken suya da gyaɗa, da ƙarin sinadaran bitamin. A ɓangaren iri ma an samu ci gaba, domin a 2018 aka fitar da geron Chakti na cibiyar ICRISAT, mai yawan sinadarin ƙarfe da ke taimakawa wajen yaƙi da ƙarancin jini, kuma yana nuna da wuri. A Damagaram, kamfanin Sahara Sahel Foods yana sarrafa anza, wadda a da ake yi wa kallon abincin shekarar yunwa, yana cire ɗacinta ya mayar da ita gari da sauran kayan ci.

Wa ake wayar wa kai?

Kusan kowace uwa da ke zuwa awo ta ji jawabin: nono zalla har wata 6 ba tare da ruwa ba, sannan abinci iri-iri tare da ci gaba da shayarwa har shekara 2. Duk da haka, jariran da ke samun nono zalla a Nijar ba su kai ɗaya cikin uku ba. Dalili ɗaya shi ne, wadda ake yi wa jawabin ba ita ke yanke hukunci ba. In kaka ta ce a ba jariri ruwa don zafin bazara, ba kowace amarya ke iya musa wa uwar miji ba. Mabuɗin rumbun gandu kuma yana hannun maigida. A wurare da dama ana rufe rumbu bayan girbi, a ajiye shi don lokacin noma, namiji ya tafi cin rani, mace ta riƙe gida da abin da ta samu daga gamanarta da ƴar sana'arta. A kudancin jihar Maraɗi, inda gonaki suka yi ƙaranci saboda yawan jama'a, mata da yawa ba su da ko gamanar.

Akwai misalai a cikin gida da ke nuna abin da ke aiki. Makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram da tallafin UNFPA sun nuna cewa in maza suka zauna suka tattauna lafiyar iyali a tsakaninsu, zuwa asibiti yana ƙaruwa. A gundumar Mirya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa uwaye auna damtsen ƴaƴansu da ɗan zaren awo mai launi uku: ja in bai kai milimita 115 ba, rawaya daga 115 zuwa 125, kore in ya wuce haka. Gwajin ya nuna uwaye, har da waɗanda ba su yi boko ba, suna iya gano yaron da ya fara ramewa da wuri, kuma daga nan dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a Maraɗi a 1991 ya ba mata hanyar tara kuɗi da ba juna rance. Tsarin habbanaye na ba da aron akuya, musamman jar akuyar Maraɗi mai yawan haihuwa da nono, yana sa madara a gidan da ba shi da ita.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne an ba mutane abin aiki a hannu tare da bayanin. Gaya wa matar da ba ta da ko tiya ɗaya ta wake cewa ta riƙa sa wake a kunu ba zai sauya komai ba.

Bashi ne ke buɗe rumbu da wuri

Ko da buhu mai kyau, manomin da ake bi bashi ba zai iya riƙe wakensa ba. Wannan ne ya sa tsarin jinginar amfanin gona, wanda hukumar FAO ta fara gwadawa a Nijar tun 1999, ya cancanci a farfaɗo da shi. Ƙungiyar manoma tana tara buhunanta a sito, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun ba da rance. Kowa ya karɓi rancen wani kaso na darajar kayansa, ya yi buƙatunsa ko ya juya shi a noman rani da kiwo. Bayan wata biyar ko shida, a biya rancen, a buɗe sito lokacin da abinci ya yi tsada. Mai kaya ya zaɓa, ko ya sayar da riba ko ya kai gida.

Tsarin yana da nasa haɗari. In farashi bai tashi ba, ko wani matakin hukuma ya karya shi, manomi na iya biyan kuɗin ruwa ba tare da riba ba. Ƙananan asusun rance kuma ba su kai ko'ina ba, wasu manoma ma na gudun rancen saboda batun riba a addini, abin da ke nuna buƙatar a tsara shi yadda malamai za su aminta. Bankunan cimaka na ƙauye ma da yawa sun durƙushe saboda rashin riƙon amana. Amma ko a shekarar da babu riba, gidan da ya karɓo buhun wakensa a watan Mayu ya shiga damina da abin da zai ba yara.

Abin da ya rage ga hukumomi da jama'a

Wani bincike da Tarayyar Afirka da hukumar PAM suka yi tare da gwamnatin Nijar ya ƙiyasta cewa tamowar yara na ci wa ƙasar kusan kashi 7 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara, ta hanyar kuɗin jinya da maimaita aji da raunin ƙarfin aiki. Yaron da ya tsumbure kafin ya cika shekara 2 da wuya ya cike giɓin daga baya. Babban shirin noman ban ruwa da gwamnati ta sa a gaba zai iya ƙara shinkafa da masara da alkama, amma tarihin Maraɗi ya riga ya nuna cewa yawan tan ba ya kai kansa cikin kwanon yaro.

Matakan da ake buƙata ba su da tsada in aka kwatanta da kuɗin jinya. Ma'aikatan lafiya na ƙauye da ke bi gida-gida daga Yuli zuwa Oktoba suna raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro suna auna damtsen yara, za su iya komawa da kaka tare da malaman gona, su yi bayanin ajiya da shanya. Gidajen rediyon karkara da limamai da masu gari za su iya sa batun ware buhun yara a cikin jawabansu, su kuma fuskantar da shi ga maza. Kantunan abinci na lakwal da OPVN za su iya sayen wake daga ƙungiyoyin manoman yankin da farashi mai kyau. Kuma dole gwamnati ta sa kuɗin sayen abincin jinya a kasafinta, domin ko da an yi duk wannan, za a ci gaba da samun yaran da gudawa da ƙyanda da zazzaɓi za su kayar, kuma tsabtataccen ruwan sha da allurar rigakafi suna cikin maganin.

Ga magidanci kuwa, lissafin yana da sauƙi. Kafin motar ɗan kasuwa ta tashi, a ware wake da gyaɗar da za su kai yaran gida da mai ciki da mai shayarwa har sabon girbi, a ɗaure a buhun da iska ba ta shiga, a bar mabuɗinsa a hannun mai girki.